Kumburin ƙafa bayan dawowa daga bakin aiki: wa ya taɓa gani?

Yayan Soja, Auyo: Salamu alaikum. Ƙanina soja ne, ya zo hutu da zazzaɓi da kaluluwa, ƙafar hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Inna ta dage sammu ne, likita kuma yana zargin tundurmi. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana.

Tsohon Saje, Kura: Allah ya ba shi lafiya. Ya taɓa faruwa a sansaninmu, muna kwana a tanti bakin fadama, ba gidan sauro. Da aka ga abin a jikin wasu, sai likitanmu ya sa aka tashe mu tsakar dare, aka ɗebi jinin kowa. Muna ta gunaguni, ya ce ƴaƴan tsutsar da ke kawo tundurmi, wadda sauro ke yaɗawa, ba sa yawaita a jini sai tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 2, lokacin cizon sauro. Awon rana sai ya nuna lafiya lau. Wani da ko ciwon kai ba ya yi aka same shi da ita. Ka ce wa ƙaninka ya sanar da likitansu, a auna waɗanda suka kwana tare.

Mai rabon magani, Ringim: Malam, kada ku ɗora wa bakin aiki kaɗai. Tsutsar nan takan daɗe a jiki, har shekaru, kafin kumburi ya fito, ku kuma ga shinkafa ga sauro a fadamar Haɗeja. Muna bi gida-gida da ƙwayoyin maganin tsutsa, ivermectin da albendazole, mu auna tsayin mutum da sanda don sanin adadin da zai sha, sau ɗaya a shekara, aƙalla shekara 5 a jere. Ban da masu ciki da ƙananan yara. Abin da ke ƙona mini rai, wasu su karɓa, ina juya baya su zubar.

Inna Mai Ƙosai: Nawa maigidan ƙwayar ba ta saɓe masa ƙafa ba, dama sun gaya mana haka. Wanki da sabulu safe da yamma, a tsane tsakanin yatsu sosai, a ɗora ta kan matashi, shi ya rage masa zazzaɓin. Ku hana wanzami yi masa tsaga, nan ruɓa ke shiga.

Manomi, Bunkure: Ku tambaye shi a keɓe ko akwai gwaiwa, kunya kan hana maza faɗa. Ni tiyata aka yi mini a asibiti, yanzu har keke nake hawa zuwa gona.