Kati yana cikin rami, kwamfuta ta gan shi, amma ya ƙi aiki: me kuke tararwa?

Mai gyara, Tudun Wada:
Salamu alaikum injiniyoyi. Matsalar nan tana yawan zuwa benci, musamman a kwamfutocin gwanjo da aka ƙara musu katin hoto ko katin sadarwa na PCIe. Idan an buga lspci, umarnin Linux mai jera katunan da ke cikin injin, katin yana fitowa, amma direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya ƙi kama shi. A dmesg, inda Linux ke rubuta saƙonninsa, sai ka ga "no space" da "failed to assign" a gaban BAR, wato gurbin da kati ke neman filin adireshi da shi. A Windows kuwa Code 12 yake bayarwa. Kowa ya kawo abin da ya gani da hannunsa.

Injiniya, Kawo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ganin kati daban, ba shi filin adireshi daban, kuma nan mutane suke ruɗewa.

Wajen gani, kanel, wato zuciyar Linux, yana bin layi ne yana ƙwanƙwasa ƙofa. Bas, wato layin da na'urori ke kai, 256 ne, kowane bas na'ura 32, kowace na'ura aiki 8. A kowace ƙofa yana karanta lambar kamfani: 8086 Intel ce, 10DE Nvidia, 10EC Realtek. In ya karanto FFFF, babu kowa a ɗakin, ya wuce. Tsofaffin injina ta ƙofofin 0xCF8 da 0xCFC ake wannan karatu, bayit 256 ga kowane aiki. A PCIe ya zama 4096, kuma teburin MCFG na ACPI, wato bayanan da BIOS ke miƙa wa kanel, shi ne ke faɗa masa inda zai same su.

Sai awo. Na'ura tana da gurbin BAR guda shida, daga 0x10 zuwa 0x24. Kanel yana kashe amsawar na'urar tukuna, ya cika gurbin da ɗaya-ɗaya, ya karanto abin da ya zauna. In FFF00000 ya dawo, megabayit 1 take nema. Sannan ya mayar da abin da ya tarar. BAR mai bit 64 gurbi biyu yake ci. Saƙon da kake gani yana nufin an gama awo lafiya, filin da za a yanka mata ne babu.

Malama, Unguwar Rimi:
In ƙara a kan na Injiniya. Ƙasa da gigabayit 4 wurin a matse yake, RAM na ciki, BIOS na ciki, APIC mai karɓar kiran na'urori na zaune a 0xFEE00000. Shi ya sa Windows mai bit 32 yake nuna gigabayit 3 da ɗoriya alhali 4 ka saka. Kuma BAR ba ya zama ko'ina: na megabayit 256 dole ya fara a adireshin da 256 ɗin ya raba daidai. Za ka iya samun fili mai yawa a warwatse, amma babu guda ɗaya da zai ɗauke shi.

Abin da ya fi yi mini aiki: a shiga BIOS a kunna Above 4G Decoding, mai ba da damar yanka fili sama da gigabayit 4, a kashe CSM, wato tsarin tashi irin na tsohon BIOS. Katunan lissafi irin su Tesla na Nvidia, da BAR ɗinsu yake kai gigabayit da yawa, ba sa tashi sam in ba haka ba. Amma a lura, in an girka babbar manhajar injin a faifai mai tsohon tsarin rabo na MBR ne, kashe CSM zai hana ta tashi, sai an mayar da faifan sabon tsari na GPT.

Mai gyara, Tudun Wada:
Malama, akwai bod ɗin da babu wannan zaɓin a BIOS ɗinsa gaba ɗaya.

Injiniya, Kawo:
To a nan sai a duba gadoji, wato abin da ke haɗa bas da bas. Kowane ramin PCIe a bayan gada yake, kuma gada tana da tagogi uku: ta I/O da ake yankawa kilobayit 4-4, da biyu na ƙwaƙwalwa da ake yankawa megabayit 1-1. Ɗaya daga cikin biyun nan bit 32 ce kawai, ba ta haura gigabayit 4 ko me ka kunna. BIOS yakan yanka wa gada taga daidai da abin da ya gani lokacin tashi, wani lokaci ƙasa da haka. A saka pci=realloc a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, kanel zai rushe rabon BIOS ya sake nasa. A kwatanta /proc/iomem, jerin rabon adireshi, kafin da bayan. Ni ban yarda a fara da pci=nocrs ba, domin yana sa kanel ya yi watsi da iyakar da ACPI ya ba shi ta _CRS, ya iya ɗora kati a kan adireshin da wani abu yake amfani da shi. Sai komai ya ƙi.

Oga, Kakuri:
Ku yi haƙuri in dawo da ku ƙasa. Injin da ya yi aiki jiya, aka ɗauke wuta, yau Code 12 ya dawo, kada a taɓa GRUB. A auna batirin CR2032 na kan bod. Volt 3 ya kamata ya bayar. In ya mutu, duk lokacin da wuta ta yanke saitin BIOS yana komawa na kamfani, Above 4G ya kashe kansa. Agogon injin ma zai nuna maka, kwanan wata ya koma baya.

Na biyu, ƙurar hunturu. Ita ba "no space" take kawowa ba. Ko dai katin ya ɓace daga lspci, ko a lspci -vv ka ga LnkCap (layukan da katin zai iya amfani da su) yana cewa x16, LnkSta (waɗanda yake kai yanzu) yana cewa x1 ko x4. A zare, a hura ramin, a goge haƙoran katin da sipirit, a bari ya bushe.

Malama, Unguwar Rimi:
Saura guda, Oga. Wani katin yana samun fili amma kiransa, wato interrupt, ba ya isa ga firosesa, sai dmesg ya ce "nobody cared". Tsohon tsari layuka huɗu ne kacal, INTA zuwa INTD, na'urori suna rabawa, kuma in teburin _PRT na BIOS ya karkace kiran ya tafi wani wuri. Sabon tsari na MSI yana ba na'ura kira har 32 nata na kanta, MSI-X har 2048. A duba /proc/interrupts, in lambar da ke gaban katin ba ta motsi alhali ana aiki da shi, a fara sabunta BIOS kafin a gwada pci=nomsi.