Wa ya taɓa zuwa Val Marie? Muna neman shawara

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan zaure. Muna so mu fita da yara daga birnin Regina na Kanada a hutun watan Yuli, maigida ya ce mu gwada ƙauyen Val Marie da gandun dajin Grasslands. Don Allah wanda ya san wajen ya ba mu haske. Kwana ɗaya ya isa?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Hajiya. Tafiyar ba ta jeka-ka-dawo ba ce. Daga Regina za ku bi babbar hanya mai lamba 1 zuwa Swift Current, kusan kilomita 245, sannan ku yanki kudu a hanya mai lamba 4, wajen kilomita 120. Ku cika tanki a Swift Current, ku yi cefane a can, don mutanen Val Marie ɗari da 'yan kai ne, kuma shaguna da wuri suke rufewa. Naman halal kuwa daga gida za ku taho da shi a kula.

Ɗan Katsina: Ni dai shawarata ku kwana biyu. Abin da ya fi komai a wajen sai dare ya yi ake ganinsa. Tun 2009 aka ware gandun a matsayin wurin da ake kare duhun sama daga hasken lantarki, taurari har kusa da ƙasa kake ganinsu ta kowace kusurwa. Rabona da sama irin wannan tun ina yaro muna kwana a tsakar gida lokacin bazara. Ku duba kalanda ku zaɓi ƙarshen watan Musulunci, farin wata yana dushe su. Sai dai a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, duhu sosai kuma sai sha ɗaya ta gota, don haka yara su yi barcin rana.

Yaya Hajo: Maman Walid, ku fara da ofishin baƙi na gandun, cikin ƙauyen yake, za su ba ku taswira su faɗa muku halin hanya. Ku karɓi ta takarda, waya tana ɗaukewa a ciki. Daga nan ku bi hanyar Ecotour, tsakuwa ce, tana ratsa kwarin kogin Frenchman. Can ne garin prairie dog, wasu 'yan dabbobi dangin kurege masu baƙin jela. Duk Kanada a wannan yankin kaɗai suke zaune a daji. Ku kashe mota ku yi shiru: ɗaya zai miƙe a bakin rami da ƙafa biyu, ya wurga kai baya ya yi ƙara, sai na gaba ya amsa, haka har ƙarshen fili. Autata ta ƙi yarda mu tashi. Amma kar yara su sa hannu a rami, ƙumar jikinsu tana iya ɗaukar cuta.

Maman Walid: Ikon Allah! To ɓaunar da ake faɗa fa, Yaya? Ba haɗari?

Baban Ummi: Bison ke nan. A 2005 aka kawo 71 daga gandun Elk Island na Alberta, bayan sun fi shekara ɗari da ɓacewa a yankin, yanzu sun hayayyafa. Ƙa'ida ita ce ka bar tazarar mita 100, kuma Yuli zuwa Agusta lokacin barbara ne, mazan sun fi faɗa. Akwai kuma maciji mai kaɗa jela yana ƙara, da kaska cikin ciyawa. Takalmi rufaffe da dogon wando, ban da silifa.

Malam na Saskatoon: Abin da ba a ambata ba shi ne ruwan sama. Ƙasar wajen yumɓu ce, yayyafi kaɗan sai ta koma santsi, ta manne wa taya. In hadari ya haɗo ku koma kwalta. Sannan babu inuwa, bishiya sai jefi-jefi a bakin kogi, ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, har da na alwala. In za ku hau tudun 70 Mile Butte ku bari sai la'asar sakaliya. Za ku ga duwatsu jere a da'ira cikin ciyawa, gurbin bukkokin fata ne na 'yan asalin ƙasar. A ja wa yara kunne kar su ɗaga ko ɗaya.

Yaya Hajo: Da tsakar rana ku fake a tsohuwar makarantar jan bulo, an mai da ita gidan tarihi mai suna Prairie Wind & Silver Sage, ana sayar da kofi da littattafai. Tsohon rumbun hatsi na katako ma yana nan tsaye tun 1927.

Ɗan Katsina: In yaran masu son dinoso ne, ku dawo ta garin Eastend, akwai cibiyar da ke nuna kwarangwal ɗin wani dinoso nau'in T.rex mai suna Scotty da aka gano a 1991. Zagaye ne, amma ya cancanta.

Malam na Saskatoon: Hajiya ki tuna wa Alhaji, hanya mai lamba 4 in aka zarce kudu, kilomita 30 da ɗoriya sai iyakar Amurka. Kar a bi ta sai da takardun shiga Amurka.

Maman Walid: Allah ya saka da alheri, kwana biyun za mu yi in sha Allah. Saura masauki. Yaya Hajo, tantin gandun kuka kama ko ɗaki a ƙauye?

Yaya Hajo: Tantin oTENTik a sansanin Frenchman Valley, da gadaje a ciki, bargo da kayan girki kawai za ku kawo. Ki kama yau ta shafin Parks Canada, hukumar gandayen dajin ƙasar, na Yuli ba ya daɗewa.