Ɗan talaka ya gama sakandaren gwamnati: a ina ake barin sa a hanyar jami'a?

Abu_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yara biyu za su gama aji ɗaya, ƙoƙarinsu kusan ɗaya, amma ɗan ma'aikaci ya samu gurbi a shekarar farko, ɗan manomi kuwa ya shekara uku yana cewa "sunana bai fito ba". A wane mataki daidai ake barin irin waɗannan yara, kuma me za a yi musu? Masu sani a taimaka.

Malam_Jagora:
Wa alaikumus salam. Malam, yawanci tun kafin ranar jarrabawar JAMB aka bar su, domin gidan da babu wanda ya taɓa bin hanyar, babu mai cewa yaro "a kula nan".

Abu na farko layin waya. Ana tura lambar NIN zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar buɗe rajistar JAMB, kuma layin da aka tura da shi shi ne ke ɗaure da yaron. Wanda ba shi da waya sai ya ari ta maƙwabci ko ta mai shagon kwamfuta, saƙo ya zo daga baya ba ya hannunsa. A saya masa layinsa, ko da babu wayar sakawa kullum. Sannan a duba suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da takardar WAEC ko NECO. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari ya maye gurbin sunan mahaifi, wannan kaɗai yana tsayar da mutum a wurin tantancewa.

Sai haɗin darussa. Ana rubuta huɗu, Turanci dole. Likitanci yana son Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniyanci yana son Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Idan mai shago ya zaɓa wa yaro ba daidai ba, ko ya ci 280 ba za a ba shi kwas ɗin ba. Haka kuma kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci a ciki, da Lissafi ga kwasa-kwasan kimiyya, a zama ɗaya ko biyu.

Wanda ya fi cin mutane shi ne wannan: yaro ya yi rajista sakamakon NECO bai fito ba, da ya fito kuma bai koma cibiyar JAMB an ɗora shi ba. Jami'a ba za ta iya ba shi gurbi ta CAPS, wato shafin JAMB na bayar da gurbi, ba alhali wurin sakamakonsa fayau. Yana zaune yana jira, ba wanda ya gaya masa.

Kuma a zaunar da shi gaban kwamfuta ko sau biyar kafin ranar. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2. A madannai, A, B, C, D na amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya. Yaron da ranar ce ya fara taɓa madannai zai ɓata mintuna yana lalube.

Bint_Usman:
Malam ya yi bayani, amma ni a ganina zaɓen kwas ya fi takardu kayar da su. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na guraben na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka ƙidaya a baya wajen ilimi, kuma kusan duk jihohin Arewa suna ciki. Wato ɗan Jigawa da ya zaɓi BUK ko Jami'ar Tarayya ta Dutse yana da ƙofa fiye da ɗaya. Sai dai wannan rabo ba ya ƙara kujerun likitanci, shari'a ko jinya.

A 2025 mafi ƙarancin maki da aka amince da shi 150 ne na jami'o'i, 100 na kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Iyaye suna jin 150 su ɗauka yaro ya haye. A'a, wannan ƙasan layi ne kawai, kowace jami'a da kowane sashe da nasu. Mai 190 da ya kafe a kan likitanci shekara zai ɓata. Ya canza kwas da wuri, kafin jami'ar ta rufe tantancewa, zuwa inda makinsa ya kai. Idan gurbi ya fito ya shiga CAPS ya karɓa da hannunsa. Duk gurbin da aka ce an "samo" ba ta nan ba, rigimarsa tana jiran ranar tafiya bautar ƙasa.

'Ya'ya mata kuma a duba nisa da ɗakin kwana tun wajen cike fom. Yarinya ta samu gurbi a garin da iyaye ba za su bar ta ta zauna ba, daidai yake da ba ta samu ba.

Abu_Khadija:
Allah ya saka da alheri. Kuɗin rajista fa, idan gurbin ya samu?

Dan_Zazzau:
Akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 ga makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa a kai, kuɗin makaranta ana tura wa makarantar ne kai tsaye, ɗalibi kuma zai iya neman na ɗawainiya, naira 20,000 a wata. Biya yana farawa shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da asusun banki da sunan ɗalibin.

Amma a lura, sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibi kafin ya iya nema, kuma kuɗin ba ya zuwa a ranar da ake so. Don haka kuɗin karɓar gurbi, na mota da na makwanci a zangon farko, dangi ne za su haɗa. A fara tarawa tun ranar da aka sayi fom, a kuma tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma saboda hukumar tallafin karatu ta jiha.

Wanda makinsa bai kai ba kada ya zauna. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da ita, da makarantun share fage irin ta Funtua, ko ya yi NCE ko difloma ya shiga aji biyu na jami'a ta DE, wato shiga kai tsaye. A tabbatar dai cibiyar IJMB ɗin tana cikin waɗanda aka amince da su kafin a biya ko kwabo.