Kiɗan fim ɗin Umar Mukhtar yana sa ni hawaye, ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu. Muna yara, ba ya kallon fim sai guda ɗaya, na Umar Mukhtar, tsohon malamin nan na Libiya da ya yaƙi Turawan Italiya har suka rataye shi a 1931. Kaset ɗin bidiyon ma sai da ya gaji don kallo. Kwanan baya na ci karo da kiɗan fim ɗin shi kaɗai, babu hoto, babu magana, sai kayan goge da na busa. Na saka a kunne, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Tun daga ranar kusan kullum sai na ji shi bayan isha'i. Maiɗakina ta same ni sau biyu a haka, ta ce in daina, ƙara min ciwo yake yi. Ni kuwa bayan na yi kukan sai in ji ƙirjina ya yi sauƙi. Abin da nake tambaya: me ya sa kiɗan da babu ko kalma ɗaya a cikinsa yake yi min haka? In ci gaba ko in bari? In kuma akwai irinsa, a nuna min.

Malamin sakandare ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Lafiyarka ƙalau. Wanda ya tsara kiɗan nan Bafaranshe ne, Maurice Jarre, kuma shi ne ya yi na fim ɗin The Message na 1976, wanda mai ba da umarni ɗaya ne da na Umar Mukhtar, wato Moustapha Akkad. Kafin nan ya yi na Lawrence of Arabia a 1962, ya ci kyautar Oscar da shi. Ka ga ba ƙaramin gwani ne ya taɓa ka ba.

Yadda abin yake aiki kuwa, mu Hausawa bai kamata ya zame mana baƙo ba. Ka san take. Ɗan tauri yana zaune lafiya, makaɗi ya buga takensa, babu wanda ya ambaci sunansa, amma sai jikinsa ya ɗau tsuma. Masu tsara kiɗan fim haka suke yi. Sukan ba mutum ko wuri ɗan gajeren sauti nasa, su riƙa dawo da shi. A wurin nasara a busa shi da manyan ƙahonin tagulla, a wurin mutuwa a ja shi a hankali da goge guda. Sautin ɗaya ne, riga kawai aka sauya masa. Kai kuma kunnenka ya ɗaure wannan sauti da Baba tun kana yaro, yana zaune kana gefensa. Yanzu ba taken Umar Mukhtar kake ji ba, taken mahaifinka kake ji. Da aka cire hoton, babu fuskar Anthony Quinn, ɗan wasan da ya fito a matsayin Umar Mukhtar, da za ta tsaya a gabanka, sai zuciyarka ta sa fuskar da ta fi so.

Wata uwa ta amsa:

Ɗana, ni maganar matarka zan yi. Ba kiɗan take tsoro ba. Ta ga mijinta yana kuka shi kaɗai da abu toshe a kunne, ita tana waje. Ka cire abin kunnen nan, ka kunna a fili, ka zaunar da ita ka ba ta labarin surukinta. Kuma kullum ya yi yawa. Ka rage, ka sa addu'a da sadaka a gaba, su ne za su isa gare shi.

Wani ɗan uwa ya amsa:

Ina tare da Hajiya. Ka kuma san malamai sun yi magana a kan kiɗa, akwai saɓani, ka tambayi malamin da ka amince da shi. Sannan ka lura da kanka. In barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka, ko ka kasa fita aiki, wannan ya wuce maganar kiɗa, ka ga likita.

Mai gyaran rediyo ya amsa:

Tun da ka nemi irinsa, ga abin da na sani. Kada ka ji da lasifikar waya, asara ce. Irin wannan ƙungiya, okestira, takan kai makaɗa tamanin ko fiye, kuma manyan gogen da ke riƙe ƙasan kiɗan, masu sa ƙirji rawa, waya ba ta fitar da su sam. Ka nemi lasifika mai ɗan nauyi.

Ka fara da Ennio Morricone, ɗan Italiya, kiɗan fim ɗin The Mission na 1986. Akwai wurin da wata sarewa mai murya kamar ta algaita, amma mai taushi, take tafiya ita kaɗai, sauran suna bin ta a hankali. Ni ban taɓa kallon fim ɗin ba har yau, kuma ban ji na rasa komai ba. In kana son na Indiya, A. R. Rahman yana da wani a fim ɗin Bombay na 1995, babu waƙa a ciki, sarewa ce ta fara sannan goge ya shigo. Na John Williams a Schindler's List na 1993, wanda Itzhak Perlman ya ja gogen, yana da kyau ƙwarai, amma ka bar shi tukuna. Nauyinsa ya fi ƙarfin mai sabon rashi. In ranka na son abin da zai ɗaga shi, Williams ɗin ne dai ya yi na Star Wars a 1977, makaɗan birnin Landan suka kaɗa.

Malamin sakandare ya ƙara:

Abu ɗaya na manta. Ka ji faifan daga farko zuwa ƙarshe, kada ka tsaya kana maimaita wurin da ke sa ka kuka. Wanda ya tsara shi bai bar ka a nan ba, yana da inda yake kai ka.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Malam, maganar take ta shige ni, ban taɓa kallon abin haka ba. Hajiya, na bi shawararki jiya. Mun ji tare, na ba ta labarin yadda Baba yake yin shiru idan aka zo wurin ratayewar, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ashe ita ma ta taɓa ganin ya yi haka, shekarar da aka kawo ta gidanmu. Mun yanke sai ranar Juma'a da dare kawai. Maigida mai rediyo, wace irin lasifika ce za ta fitar da manyan gogen nan ba tare da ta tashi yara ba?