Chatsworth a bas, da Hajiya da keken jariri: ta Baslow ko ta Bakewell?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Hajiyarmu ta zo mana Sheffield, nan Ingila, wata guda ke nan, kullum tana ɗaki tana leƙen taga, har ta fara cewa a mayar da ita Gusau. Ina so Asabar ɗin nan in fita da ita Chatsworth, wani tsohon gidan sarauta a wajen gari, ta ga fili da tumaki. Ba mu da mota, maigidan yana aiki ranar, ni ce da ita da Hanifa a keken jariri. Gwiwar Hajiya ta dama ba ta son hawa. An ce min ko mu sauka Baslow mu taka zuwa gidan, ko mu wuce Bakewell mu ɓullo ta ƙauyen Edensor. Wacce ta fi sauƙi? Cikin gidan ba dole ba ne, iskar muke so.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ki yi hayar mota kawai ki huta.

Ɗan Zazzau: In tafiyar ƙafa kuke so ta gaske, ku hau jirgin ƙasa zuwa Edale ku hau tsaunin Kinder Scout. Chatsworth ai wurin 'yan hoto ne.

Maman Hanifa: Ɗan Zazzau, gwiwa na ce, da keken jariri.

Ummu Sadik: Rabu da su 'yar uwa. Sau huɗu ina zuwa, duk a bas. Ki hau lamba 218 daga cikin gari, ki sauka Baslow, tashar da ake kira Nether End, tafiyar ba ta kai awa ba. Ki tsallaka 'yar gadar dutse ki bi gaban gidajen nan masu rufin ciyawa, za ki tarar da wata ƙofar ƙarfe mai juyawa kamar ganga. Keken yana shiga, sai dai ku shiga ɗaya bayan ɗaya. Daga nan hanya shimfiɗe take, mil ɗaya da 'yan kai zuwa gidan, kogin Derwent na damanku, tumaki ko'ina. In kun yi sa'a ku hangi garken barewa. Filin kyauta ne, gidan da lambun ne ake biya. Ta Bakewell kuwa kada ki fara, tudu ne tun daga bayan tsohuwar tashar jirgi, kuma a wannan watan taɓo ne zalla. Wasu daga cikin bas ɗin suna shiga har bakin gidan, in Hajiya ta gaji sai ku hau a can, amma ki duba jadawalin tun daga gida.

Bappa Yola: Bakewell kuka ce? Ni ko sunan na ji sai ƙirjina ya yi nauyi. Disambar bara muka je, ranar Lahadi, mu goma sha ɗaya. An ce a haɗu ƙarfe tara. Tara saura kwata ina tasha da fulas ɗina. Ba mu tashi ba sai da sha biyu ta gota, saboda ana jiran mutum uku, ɗaya ma wai yana guga. Muka isa Bakewell, aka tsaya cin abinci, aka yi azahar da la'asar, sai wajen biyu da rabi muka fara hawa. Wanda ya shirya tafiyar ya ce ya san hanya. Bai sani ba. Taswirar waya yake bi, wayar ta mutu a cikin dajin. Ni da farin kambas na je, sabo, ƙafata ta nutse a laka har idon sawu, na zaro ƙafar takalmin ya zauna. Muka fito wani makiyayi, ga shanu sun taso suna bin mu a baya, yara suka fara kuka. Ƙarfe huɗu duhu ya rufe kamar an kashe fitila. Da muka gangara Edensor muka duba allon tasha, ashe jadawalin ranakun aiki mutumin ya karanta, na Lahadi daban ne, bas ta ƙarshe ta wuce. Sai ya kira ƙaninsa ya zo da mota ya kwashe shi da iyalinsa, ya ce yana zuwa. Har yau yana zuwa. Mu bakwai muka tsaya a bakin coci muna kaɗuwa, sai da tasi biyu suka zo, kowacce fam 55. Kwana shida na yi a kwance, aikin mako guda ya tafi.

Yerwa Boy: Tsaya Bappa. Bafulatani ne shanu suka kora? A rubuta wannan a ajiye, jikokina za su buƙace shi.

Bappa Yola: Kai Babarbare, shanun nan ba sa jin Fulatanci. Na yi musu magana, kallona kawai suka yi.

Injiniya: Fam 55 an cuce ku. Ni fam 35 na taɓa biya wa baƙona daga Baslow.

Bappa Yola: Daren Lahadi ne Injiniya, kuma daga wani gari aka kira su. Da kana wurin ko 80 aka ce za ka biya.

Ummu Sadik: Allah Ya kiyaye gaba Bappa, amma abin da ya same ku ba laifin hanya ba ne. Wanda ya fara hawa biyu da rabi a Disamba ai shi ya gayyato dare. Maman Hanifa, ku fita tara, ku juyo kafin uku.

Gwaggo Asabe: Bas ɗin fam 2 ne ko ina za ki, ki riƙe canji.

Ɗan Zazzau: Gwaggo wannan tsohon labari ne. Fam 2 ɗin daga farkon 2023 ne, da aka shiga Janairun 2025 ya koma 3.

Gwaggo Asabe: To ni dai 2 na biya.

Ɗan Zazzau: Yaushe?

Gwaggo Asabe: Lokacin da Abba ya gama digiri. Kai ka cika bin diddigi.

Alhaji na Lesta: Shekara 19 ina ƙasar nan, ku bari in faɗa muku. Wanda ya je Chatsworth bai shiga gidan ba bai je ba. Zuri'ar Cavendish ke riƙe da wurin tun 1549, har yau gidan zuri'ar basaraken Devonshire ne. A lambun akwai wani ruwa mai tsartuwa sama da aka gina a 1844 don tarbar sarkin Rasha, sarkin kuma bai zo ba. Babu inji a jikinsa, daga tafkin da ke kan tudu ruwan yake gangarowa da ƙarfinsa. Shi kansa Edensor ɗin, Enza ake furta shi, kada ki ce wa direba Edenso ya tsaya kallonki. Ƙanwar shugaban Amurka Kennedy a makabartar cocin take kwance, ya zo ziyarar kabarin a 1963. A kai Hajiya ta ga tarihi, ba tumaki ba. Tumaki ai ta baro su a Gusau.

Ummu Sadik: Alhaji, da girmanka, yaushe rabonka da hawa bas? Shekara 19 ɗin duk a mota ka yi su. Tambayarta ta tasha ce da gwiwa.

Alhaji na Lesta: Yarinya, lokacin da na fara zuwa wurin nan ke kina firamare.

Yerwa Boy: Alhaji ya san sarkin Rasha, Ummu Sadik ta san direba. Maman Hanifa ki zaɓi wanda zai kai ki gida.

Maman Hanifa: Na gode duka. Hajiya na karanta mata, ta ce tumakin take so, wai ta ga ko na Turawa ma suna da taurin kai. Saura abu biyu: akwai bayi a hanya, kuma ina ake samun wurin sallah?

Ummu Sadik: Akwai bayi a wurin ajiye motoci na Baslow, akwai kuma a wajen gidan. Ki tafi da 'yar gora ta alwala da leda babba ki shimfiɗa ƙarƙashin dadduma, ciyawar jiƙe take kuma kashin tumaki ya fi ciyawar yawa. Ni gindin wata bishiya nake yi, ba wanda ya taɓa ce min uffan. Abu ɗaya, kasuwar Kirsimeti da suke ci a Nuwamba tana jawo cunkoso, bas kan makara.

Bappa Yola: Ni abin da ya fi ci min rai ba sanyin ba ne. Fam 10 kowa ya ba da na abinci da ruwa kafin tafiyar. Abin da na gani shi ne cincin leda ɗaya da lemo kwali biyu. Mutum goma sha ɗaya, ku yi lissafi.

Gwaggo Asabe: Wannan ai halinmu ne. Walimar sallar layya ma haka aka yi, aka karɓi na kowa, naman bai zagaya ba, masu zuwa a makare su suka tafi da robobi.

Injiniya: Shi ya sa na ce duk wanda ya makara minti 15 a tafi a bar shi. Aka ce na zama Bature.

Alhaji na Lesta: Ba a tonon asiri a bainar jama'a. Wanda yake da ƙorafi ya same ni.

Bappa Yola: Na same ka Alhaji, tun Janairu. Ka ce za ka yi masa magana.

Maman Hanifa: Ummu Sadik, ƙofar mai juyawa, keken Hanifa mai faɗi ne irin na tagwaye da aka ba ni aro. Shi ma zai shiga?

Ɗan Zazzau: Bappa, wai mai gugar nan shi ne wanda nake tunani?