Littafin Musa Dagh da wahalar al'ummomi biyu

Ɗalibi daga Birni: Assalamu alaikum malamai. Na ari fassarar Faransanci ta littafin Franz Werfel a kan kwanaki arba'in na dutsen Musa Dagh da ke ƙasar Turkiyya ta yau, littafin da ya fito a 1933, kuma na ji ana cewa labarin Armeniyawa ne a zahiri, amma Yahudawa yake nufi. Shin haka ne?

Malamin tarihi a Damagaram: Wa alaikumus salam. Werfel Bayahude ne haifaffen Prague, kuma ya rubuta littafin ne bayan ya ga marayun Armeniyawa suna aiki a masaƙar darduma a Dimashƙu. Gwamnatin Hitler ta haramta littafin a 1934, daga baya kuma Yahudawan da aka killace a biranen Warsaw da Bialystok na Poland suka riƙa karanta shi hannu zuwa hannu, suna ganin kansu a cikin Armeniyawan da suka hau dutse suka ƙi miƙa wuya ga sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, har jiragen ruwan Faransa suka kwashe su a 1915.

Malama daga Sabon Gari: Malam, na yarda, amma ina da ja. Yawan kwatancin yakan sa matan Armeniyawa da aka kora da ƙafa zuwa hamadar Deir ez-Zor ta Siriya su zama tamkar share fage ga labarin wasu, alhali wahalarsu tasu ce. Mu da muka san ƙishirwar hanyar Agadas mun san abin da wannan tafiya take nufi.

Malamin tarihi a Damagaram: Gaskiya ne, Malama, sai dai Raphael Lemkin, lauya Bayahude wanda ya ƙirƙiro kalmar da ake kiran kisan ƙare dangi da ita a 1944, shi da kansa ya ce abin da ya sami Armeniyawa yana cikin abin da ya fara jawo hankalinsa.