Cunkoso a wuraren tattaki lokacin kullen korona: me kuka gani, me ya yi aiki?

Mai Kula da Lambu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa kan cikar da wuraren tattaki suka riƙa yi lokacin dokar kulle ta 2020: lambunan shaƙatawa, bakin ruwa, da hanyoyin ƙafa na cikin unguwa. A lokacin an sha zargin jama'a da kunnen ƙashi. Amma wanda ya tsaya bakin ƙofar lambu ya san cewa tsarin da aka yi ne ya haifar da mafi yawan cunkoson. An rufe makarantu, filayen wasa da wuraren motsa jiki, aka bar wa mutane fita guda ɗaya, ita ma aka ƙuntata ta da lokaci da nisa.

Lambu ba ya cika baki ɗaya. Inda ake cushewa shi ne ƙofar shiga, wurin ajiye motoci, kan gada, da duk inda hanya ta tsuke. Ka wuce waɗannan da tafiyar minti goma, sai ka tarar da fili fetal ba kowa.

Babban kuskure shi ne rufe ƙananan ƙofofi don a samu damar ƙirga masu shiga. Ku duba lissafin. Ƙofar da mutum ɗaya ke iya bi, in kowa zai bar tazara, tana cin kamar daƙiƙa uku a kan kowane mutum, wato mutum 20 a minti. Masu shiga da masu fita suka raba, goma-goma ke nan. To in mutum 15 ne ke isowa a minti, layi na ƙaruwa da biyar kowane minti. Cikin rabin awa an tara mutum 150, kuma in za su bar mita biyu tsakaninsu layin zai kai mita 300. Ba wanda zai tsaya haka. Dunƙulewa za su yi a bakin ƙofa, kowa na riƙe ƙarfe ɗaya. Maganin shi ne a buɗe duk ƙofofi, a ɗaure su a buɗe da sarƙa don kada a taɓa su, a ware ta shiga daban ta fita daban.

Injiniyan Tituna

Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo inda matsalar take. Bari in ƙara da faɗin hanya, don da yawa sun rubuta "a bar mita biyu" a allo ba su auna hanyar ba.

Mutum ɗaya yana tafiya yana cin kusan santimita 60 na faɗi. Mutum biyu za su gifta juna da tazarar mita biyu, ana buƙatar hanya mai faɗin mita 3.2. In miji da mata ne kafaɗa da kafaɗa suka haɗu da wasu biyun, sai mita 4.4. Hanyoyin ƙafa da yawa ba su wuce mita biyu ba, na bakin ruwa ma wasu ba su kai ba, ga ruwa a gefe ɗaya ga katanga a ɗaya gefen. A irin wannan hanya umarnin ba zai yiwu ba ko da kowa na da niyya. Hukumar Lafiya ta Duniya aƙalla mita ɗaya ta ce, Birtaniya ce da wasu ƙasashe suka ɗauki biyu. Da mita ɗaya, hanya mai faɗin mita 2.2 ta wadatar.

Abin da ya fi aiki a hanyar da ke zagaye tafki ko fili shi ne a mayar da ita ta bi ɗaya. Sai dai sharuɗɗanta uku ne. Dole ta zama zagaye na gaske, mutum ya dawo inda ya fara ba tare da ya juya ba. Dole kibiya ta kasance a ƙasa, a kowace mahaɗa, don mai tafiya ƙasa yake kallo, allon da ke ƙofa tuni ya manta da shi. Sannan a bar gajeriyar mafita a tsakiya. In zagayen ya kai kilomita uku babu mafita, mai ƙananan yara ko tsoho zai gaji ya juyo, kuma mutum biyar sun juyo tsarin ya watse.

Malamar Jinya

Sannunku da ƙoƙari. Akwai abin da ya kamata a fayyace, don tsoro ya sa mutane sun riƙa hararar juna a hanya. Mutum biyu masu tafiyar yau da kullum, kowa na cin kusan mita 1.4 a daƙiƙa, in sun gifta juna ba sa yin daƙiƙa biyu a cikin mita biyun nan. Masu bibiyar waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar kuwa, ma'auninsu a lokacin minti 15 ne a kusa da juna. A waje kuma iska na watsa abin da mutum ya shaƙa ya fitar, shi ya sa haɗarin ya yi ƙasa sosai in aka kwatanta da ɗaki rufaffe.

Saboda haka giftawa ba ita ce abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne motar da mutum huɗu daga gidaje daban-daban suka shigo gilashi a rufe, da layin banɗaki, da tsayawa gaisuwa fuska da fuska ana hira har rabin awa a tsakiyar hanya. Wannan tsayuwar ita ce kuma ke toshe hanya ga na baya.

Batun takunkumi: mai tafiya a hankali ya riƙe shi a aljihu, ya sa in ya zo matsattsen wuri. Mai gudu sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya sa, don gumi na jiƙa shi ya manne a hanci. Shi tazara zai ƙara.

Koci

Sista, Allah ya saka. Ni lokaci zan yi magana a kai, don nan ne aka fi tafka kuskure.

Afirka ta Kudu ta hana motsa jiki a waje kwata-kwata tun daga 27 ga Maris 2020. Ranar 1 ga Mayu aka sassauta, aka ce daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, cikin kilomita 5 daga gida. Mutanen da suka yi mako biyar a kulle aka ba su awa uku. A Cape Town rana ba ta fitowa a watan Mayu sai bayan ƙarfe bakwai, don haka awar farko duhu ne, mata da tsofaffi ba za su fita ba. Lambuna da rairayin bakin teku kuma suna rufe. Kowa ya kwararo hanyar bakin teku ta Sea Point a lokaci guda, aka ɗau hotuna aka ce jama'a ba sa jin magana. Da aka shiga watan Yuni aka buɗe daga 6 na safe zuwa 6 na yamma.

Paris ma haka. Faransa ta ce awa ɗaya a rana, cikin kilomita ɗaya daga gida, da takardar shaida a hannu. Daga 8 ga Afrilu birnin ya hana sassarfa tsakanin 10 na safe da 7 na yamma. Bakwai na bugawa sai masu gudu su fito gaba ɗaya.

Sifaniya ta fi su tunani. Daga 2 ga Mayu ta raba yini: manya 6 zuwa 10 na safe da 8 zuwa 11 na dare, waɗanda suka haura shekara 70 daga 10 zuwa 12 da 7 zuwa 8 na yamma, yara daga 12 zuwa 7. Wannan ya kare tsofaffi ƙwarai. Amma rukunin manya shi ne mafi yawa, kuma akasarinsu na dare suka zaɓa, don haka takwas na yi tituna su cika. Duk dokar da ta sa wa fita lokacin farawa, ta tara mutane a minti na farko.

Maƙwabcin Lambu

Ku yi haƙuri, ban yarda a wanke jama'a tas ba. Wanda gidansa ke jikin irin wannan wuri ya ga wani abu daban. Aka rufe wurin ajiye motoci don a rage masu zuwa daga nesa, ba su fasa zuwa ba, sai suka jera motoci gefe biyu na titin unguwa, wasu a kan hanyar ƙafa. Motar asibiti ba ta iya wucewa, mai keken guragu dole ya sauka kan kwalta. Akwai kuma masu zuwa da tabarma da kwanuka su baje su yini. In hukuma ta rufe wurin, ina laifinta?

Mai Kula da Lambu

Gaskiya ka faɗa Malam, masu bajewa akwai su, kuma rufe wurin motoci ba tare da an sa shinge a titunan kewaye ba aikin banza ne. Amma rufe lambun kansa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Mutanen ba sa komawa gida, wuri na kusa suke komawa, wanda sau da yawa ya fi ƙanƙanta.

Dubi lambun Brockwell a Landan. Aka rufe shi ranar Lahadi 5 ga Afrilu 2020 saboda an ce mutum sama da 3,000 sun shiga ranar Asabar. Girmansa kusan hekta 50 ne, wato murabba'in mita 500,000. Ko da dukkansu a lokaci guda suka shiga, kowa na da sama da murabba'in mita 160. Washegari Litinin aka sake buɗewa. Kuma wa rufewar ta fi cuta? Iyalin da ke bene ɗaki biyu ba tsakar gida. Mai babban gida da fili bai rasa komai ba.

Masu zama kuwa akwai dabara. A lambun Domino da ke New York, a watan Mayu, sun zana da'irori da farin fenti a kan ciyawa, kowace faɗinta kusan mita biyu da rabi, tsakaninsu kusan mita biyu. Iyali su shiga ɗaya. Mai zuwa yana hangowa ya san an cika ko da saura, ba sai mai gadi ya yi cacar baki da kowa ba.

Mai Ɗaukar Hoto

Ƙarin bayani kaɗan. Hoton da aka ɗauka daga nesa da madubi mai jawo abu kusa, ana kallon hanya ta tsawonta, yana matse tazara. Mutanen da ke warwatse a mita ɗari sai su fito kamar suna gogar juna. In kana son gaskiyar cikar wuri, nemi hoton da aka ɗauka daga sama ko daga gefe, ko ka ƙirga fitilun titi da ke cikin hoton ka san tsawon da ya ɗauko.

Dattijo Mai Sanda

Yara, kun yi bayani mai kyau, amma kun tsallake mu. An naɗe bencuna da igiya don kada a zauna. Mai ciwon gwiwa ko zuciya ba ya iya mita ɗari biyar bai huta ba, to an hana shi fita ke nan ba tare da an faɗa ba. Da an bar benci, an sa alama mutum ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. An kuma rufe banɗakuna. Mai ciwon suga, mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini da ke sa fitsari, su ma an kore su. Waɗanda suka zo duk da haka sai suka koma bayan shuke-shuke, ma'aikata suka sha wahalar kwashewa. Makaho kuma ba ya ganin kibiya a ƙasa, ba ya iya auna mita biyu. Mai ido ne zai kauce, ya kuma yi magana don a san yana nan.

Injiniyan Tituna

Baba, wallahi ka yi gaskiya, kuma duk waɗannan ba su da tsadar gyara.

Abin da na fi ganin amfaninsa shi ne ƙara filin tafiyar. Lokacin kulle, motoci sun ragu, kwalta na zaune ba aiki, mutane na matsuwa a siririyar hanyar gefe. Birnin Oakland na Amurka ya sanar a Afrilun 2020 da shirin hana motoci masu wucewa bin tituna na kusan kilomita 119, ban da na mazauna da na kai kaya da na agaji. Kayan aikin ba yawa: shingen roba biyu da allo a kowane bakin titi, a bar gibin da motar kashe gobara za ta shige. Inda yake lalacewa shi ne in ba a sa mai duba shingen kullum ba, direbobi su ture shi gefe, kwana biyu ya koma titin mota.

Koci

Ga mai tafiya shi kansa, in irin wannan ta sake faruwa. Buɗe taswira a waya ka zana iyakar da aka ba ka. Da'irar kilomita ɗaya daga gida ta ƙunshi sama da murabba'in kilomita uku, ta kilomita biyar kuwa ta haura 78. Sanannen wuri ɗigo ne a ciki. Haɗa zagaye biyu ko uku ta titunan bayan gida masu faɗi, da kewayen makarantu da ofisoshin da ke rufe. Mai tafiyar kilomita biyar a awa, zagayen kilomita biyu da rabi rabin awa ne, sau biyar a mako ya cika minti 150 da ake so babba ya samu.

Fita da sassafe ko lokacin da mutane ke cin abinci, ka guji yammacin ƙarshen mako da ranar da gari ya yi daɗi bayan ruwa. Jadawalin cikar wuri da ke Google Maps kada ka dogara da na kwanakin baya, duba na yanzu-yanzu in akwai. Ku tafi ɗaya bayan ɗaya a matsattsen wuri. Mai gudu ya rage sauri, ya yi gyaran murya kafin ya wuce, ya cire abin kunne guda ɗaya. A gada ka tsaya na ciki ya fito tukuna.

Mai Kula da Lambu

Koci, ƙara da wannan: in za ka kauce, ka tsaya cak a gefen hanya har a wuce, kada ka ci gaba da tafiya a kan ciyawa. Lokacin ruwa, kaucewar nan ta mayar da hanyoyi masu faɗin mita biyu zuwa taɓo mai faɗin ninki biyu ko uku, saiwoyin bishiyoyi suka fito fili. Ƙasar da aka tattake tana daskarewa, ruwa ba ya shiga, iri ba ya kamawa. Gyaranta sai an caccaka ta da cokalin haƙa zurfin kamar santimita goma, a zuba taki da iri, a kewaye da igiya har ciyawa ta yi ƙarfi. Inda aka san za a ci gaba da bi, gara a zuba tsakuwa a faɗaɗa hanyar, a bar 'yan wuraren rakuɓewa kowace mita hamsin.